Gwiwar da Na Ɓoye a Yamai

Na sauka Yamai ranar Talata da hantsi, da jaka ɗaya a kafaɗa, da ƙarya ɗaya a ƙarƙashin ƙafar wandona ta hagu. Jakar kowa ya gan ta. Ƙaryar kuwa daga ni sai likitan da ya yi mini aiki a Jos, sai mahaifina.

Sunana Sabi'u. Gyaran keke na gada, amma abin da ya sa aka san ni a unguwarmu hawan duwatsu ne da tsallake ramukan tsohuwar haƙar kuza a kan keke. Shekara biyu kafin wannan tafiya na yi wani tsalle da bai karɓe ni ba, ƙoƙon gwiwata ta hagu ya rabe biyu, aka haɗa shi da waya. Ranar da za a sallame ni likitan ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Malam Sabi'u, za ka yi tafiya, za ka hau keke a hankali. Amma in ka sake buga wannan gwiwar a dutse, kai da sallah sai a kujera." Bai san inda ya taɓa ba. Mahaifina tun hatsarin motar da ya yi a kan farar kujerar roba yake sallah, a ƙarshen sahu, kusa da takalma. Na sha ganin yadda yake bin goshin mutane da kallo in sun kai ƙasa. Ban taɓa tsoron wani abu a duniya kamar wannan kujerar ba.

To me ya kai ni Yamai? Wata mata ce, Madam Ramatu, mai ba da hayar kekunan hawan dutse a hayin kogi, ta ga bidiyona a waya. Tana neman wanda zai riƙa jagorantar masu hawa ranakun hutu, ya kuma koya wa masu sha'awa tsalle a filinta. Ta ce in zo ta gwada ni. Bidiyon tun kafin karayar aka ɗauke shi, ni kuma ban ga dalilin ɓata mata rai da wannan bayani ba. Sharaɗinta ɗaya ne, in zo da hular kwanona da makarin gwiwa mai laushi, irin wanda ake zurawa kamar safa. Hula ina da ita. Makari kuwa mu a Jos jarumta muke ɗaukar rashinsa, shi ya sa rabinmu ke ɗingishi.

Na sami ɗaki a unguwar Maourey, a gidan wasu 'yan kasuwa mutanen Maraɗi. Zafin garin ya fara yi mini maraba tun kafin masu gidan. Mutumin da ya tashi yana rufa da bargo a Jos, ga shi bango ma in ka jingina da shi sai ya gasa maka baya. Na yi kewar sanyin safiya, na yi kewar gwaten mahaifiyata, har hayaniyar 'yan acaɓan layinmu da nake zagi kullum sai da na yi kewa. Da na tambayi inda ake samun makari, mai gidan ya ce, "Tahi kasuwar Katako. Abin da babu Katako, ba a ƙera shi ba tukun."

Katako ta haɗiye ni. Katakai jibge har sama, ƙarar zarto, buhunan hatsi, tsofaffin ƙarafa, masu kura suna ihu a ba su hanya. Na yi ta cewa makarin gwiwa ana kallona, sai da na buga gwiwata na kwaikwayi tuƙin keke wani ya ce, "A, jenuyer!" da Faransanci, ya nuna mini layin 'yan bosho, wato gwanjo. Can na faɗa hannun Sumaila, wani ƙaton mutum mai haƙorin azurfa da bakin da ya fi zuma. Jin Hausata kawai ya gane baƙo ne.

"Patron, Allah ne ya kawo ka wurina," in ji shi. "Wannan orijinal ne, masu tseren Turai ke sa shi."

Ya zaro wasu manya guda biyu, baƙaƙe, masu kauri kamar matashin kai. Ya ce in gwada. Na duba hagu da dama. Rumfar cike take, ga mata suna zaɓen atamfa, ga wani dattijo a rumfar da ke fuskantarmu yana ɗinkin sirdin babur, idonsa a kaina. Ni ba a haife ni in buɗe cinya a tsakiyar kasuwa gaban manya ba, wannan gaskiya ne. Amma gaskiyar da ta fi ta ita ce tabon ɗinkin da ke gwiwata, dogo kamar kunama, ga kumburin da bai taɓa sacewa duka ba. A garin da kowa ya san kowa, ban san bakin da zai kai labari hayin kogi ba.

"Bisa wando ma ya yi, patron," in ji Sumaila, kamar ya karanta zuciyata.

Na ji daɗinsa har raina. Na zura su a kan wandon jins mai kauri, suka zauna daram, na biya, na tafi ina yi wa kaina kirarin wayo.

Washegari na hau taksi muka haye gada. Filin Madam Ramatu yana bayan gari, a gindin wasu tsaunuka masu jan dutse. An tara jar ƙasa tudu-tudu, tsakanin kowane biyu akwai rami, ƙasar kuma cike da tsakuwa mai kaifi. Na ga wannan tsakuwar sai da gwiwata ta amsa. Na laɓe bayan wata motar ɗaukar kekuna na zura makaran a kan fata, na saki wando a kansu.

Madam Ramatu gajeruwa ce, haifaffiyar Yamai, Hausarta ta kasuwa ce mai haɗe da Faransanci, ba ta da lokacin doguwar gaisuwa.

"Bon, kai ne ɗan Jos? Naɗe wando in gani."

Na naɗe har saman makaran, na miƙa mata ƙafar dama. Ta sunkuya ta saƙala yatsu biyu a bakin makarin na sama, ta ja ƙasa. Ko gardama bai yi ba. Ya sulale a kan gumi ya sauka har idon sawuna. Mahaya huɗu da ke tsaye suka fashe da dariya. Ta miƙa hannu wajen ƙafar hagu, na ja da baya da sauri har na kusa ture keke. Ta ɗago ta dube ni, kallon ya ɗan yi tsawo.

"Ba sai na taɓa ba, duka ɗaya ne," in ji ta. "Nan wurin kowa sai na ja nashi da yatsa biyu, ko ɗan minista ne. In ya sauka a hannuna, zai sauka a sama, kai kuma ka sauka bisa ƙashi. Asabar da safe ka dawo da na kirki. In babu, tashar mota tana nan inda ka bar ta."

Ranar Alhamis na koma Katako da makaran a leda. Sumaila ya dube ni kamar bai taɓa ganin mai kama da ni ba. Na tuna masa, ya shafa wa idonsa toka ya ce shi kayansa in sun fita rumfa ba sa dawowa, kuma ai a gabansa na gwada na ce sun yi. Shekaranjiya patron nake, wato maigida, yau na koma "kai ɗan Najeriya". Na ɗaga murya, maƙwabtansa suka fara matsowa suna magana da Zabarmanci, ban jin ko kalma ɗaya, na dai ga ba ni suke goyon baya ba. Na tsaya da leda a hannu. Ban taɓa jin ni baƙo ne ba kamar a wannan lokacin.

"Ɗana, taho nan."

Dattijon nan ne mai ɗinkin sirdi. Baba Attahiru sunansa, mutumin Tawa, ya fi shekara talatin a wannan rumfar yana yanka soso yana ɗinke kujerun babura. Ya karɓi ledar, ya matsa makarin da babban yatsa, ya yi tsaki.

"Wanga na masu aza karo, wato tayil, a daɓen gida na. Durƙuso aka yi shi don shi, ba faɗuwa ba. Tun shekaranjiya ni gane ka kana gwada shi bisa wando, ni ce wanga yaro ko mahaukaci na, ko akwai abin da yake ɓoyo. Shigo ciki."

Ya sauke wani buhu da ke rataye ya zama labule tsakaninmu da kasuwa. Ya yanko igiya daga ƙullin da yake ɗinki da shi, ya zauna a gabana ya ce in naɗe wandon. Na naɗe na dama. Ya auna yatsu huɗu daga saman ƙoƙon gwiwa, ya zagaya igiyar a cinya ya ƙulla, ya sake zagayawa a inda sha-raɓa ta fi kauri ya ƙulla. Sannan ya jira. Na yi kamar ban gane ba.

"Ƙafa guda gare ka?"

Na naɗe na hagu a hankali, ina kallon rufin kwano. Ya taɓa gefen tabon da yatsa mai kaushi, ya ce, "Sannu." Wallahi tun da na baro gida ba wanda ya ce mini sannu, sai na ji idona ya kawo ruwa. Ban san lokacin da na zayyane masa komai ba, da likita, da bidiyo, da kujerar mahaifina.

"Ramatu ta sani?"

Ashe mahayanta wurinsa suke kawo makaransu in sun yage.

"Baba, don girman Allah."

"Ni ba ni kai zance. Amma dibi nan." Ya jera igiyoyin biyu a tafin hannunsa. Ƙullin ta hagu ya zarce na dama da kusan faɗin yatsu biyu. "Gwiwunka ba su zan ɗaya ba. Wanda ya kama dama ba ya shiga hagu, wanda ya shiga hagu zai zame a dama. Sai dai wari da wari. Kuma in kana jin tawa, ka bar tsallen ga."

Na ce ba zan iya komawa Jos hannu biyu ba, bayan duk unguwa ta yi mini rakiya da addu'a. Ya girgiza kai, ya saka takalmansa, ya ce in biyo shi.

Mun fi awa biyu muna tonon dilolin bosho a can ƙuryar kasuwa. A nan na ga yadda ake zaɓe. Duk wanda ya ɗauka sai ya fara miƙa bakinsa ya gwada da igiyar, in robar ta saki ya jefar. In ta yi, sai ya juya cikinsa ya duba ko akwai layin roba mai kama fata. Sai ya matsa soson, wanda ya dawo da sauri ya ce na 'yan ƙwallon raga ne, wanda ya yi burus ya ce ya mutu, wanda yake so shi ne mai dawowa sannu a hankali. Sai ya shafa gefe da gefe, don a cewarsa ba a cika faɗuwa a kan tsakiyar gwiwa ba. Na ƙarshe, ya sa yatsansa a ƙarƙashi ya ce in buga da ƙotar almakashinsa. Na buga da tsoro. Ya ce in buga kamar na ci abinci. Na buga, bai ko yamutsa fuska ba, soson da yake da laushi ya ƙanƙame a wurin bugun.

Muka samu baƙi na dama, da wani ja mai ɗan girma na hagu, wanda ɗan'uwansa Allah kaɗai ya san ƙasar da yake. A rumfarsa ya ƙara wa jan maɗauri a saman sha-raɓa. Na zura su a kan fata, suka matse ni har na yi ƙorafi.

"Haka ake so. Yanzu sauka awa za ka sujada, ka tashi. Sau goma."

Na yi ta sauka kamar mai sujada ina tashi a kan tabarmarsa, gumi na zuba. A na goma ya saƙala yatsu biyu ya ja. Ba su motsa ba.

"Wanda ya zamna ma a sujada zai zamna ma a sama," in ji shi. "Asabar in ka gama ka taho in gani, ko mi ya faru."

Juma'a na kira gida. Mahaifina ya tambaye ni ƙafa, na ce lafiya lau, aikin ma ba na tsalle ba ne, jagora ne kawai. Ƙarya ta biyu ke nan. Ya ce Allah ya tsare, muryarsa ta nuna bai yarda ba.

Asabar tun da sassafe rana ta fito da fushinta. Mu biyu za a gwada, ni da wani Bazabarme dogo mai suna Hama. Madam Ramatu ta ja na Hama, ta ja nawa na dama, ta ja na hagu da ƙarfi har na ji zafin ya harba cikin ƙashi. Na danne. Ta tsaya tana duban baƙi da ja.

"Don me wannan ya fi wannan girma?"

"Bosho ne, Madam. Abin da aka samu ke nan."

Ta dubi ɗinkin maɗaurin, na tabbata ta gane hannun mai shi. Ta nuna mini keke.

Tsalle uku ne a jere, kowane ramin ya fi na bayansa faɗi. Hama ya wuce su tsaf. Na hau kan tudun farawa. Shekara biyu rabon da tayoyina su bar ƙasa. Na yi bisimilla na saki birki. Na farko ya zo ya wuce, jikina ya tuna abin da ya sani. Na biyu na tashi sama har na hango kogin yana ƙyalli, wani daɗi ya cika mini ƙirji, na ce ashe ina nan. A saukar ne gwiwar ta ɗan noƙe, ƙiftawar ido kawai, amma ta cinye mini gudun da nake bukata. Na san ban da isasshen gudu tun kafin in bar bakin na uku, kuma wurin tsayawa ya wuce.

Tayar gaba ta daki leɓen tudun. Keken ya tsaya, ni na ci gaba. Na ga jar tsakuwa tana tahowa, na yi ƙoƙarin juya dama, jiki ya ƙi. Da gefen gwiwar hagu na sauka, da dukkan nauyina, na ja ƙasa har sai da ƙura ta rufe ni.

Na kwanta ban motsa ba. Ba zafin nake saurare ba, ƙarar karayar nan nake jira, wadda na ji a ramin kuza. Ban iya tantance ko na ji ta ko ban ji ba. Na ɗaga kai na duba. Yadin jan makarin ya yage, tsakuwa ta nutse a cikin soson, amma yana nan inda Baba Attahiru ya ajiye shi, ko yatsa ɗaya bai sauka ba.

Madam Ramatu ta iso a guje, ta kwance maɗaurin, ta janye makarin da kyar. Tabon ya fito fili a gaban kowa.

"Bidiyon nan na yaushe ne?"

"Kafin wannan, Madam."

"Da mutane goma a bayanka cikin dutse ƙafar ta yi haka fa? Wa zai dawo da su?" Ba ta ɗaga murya ba, da ta zage ni ma da ya fi mini sauƙi. Gaskiya ta faɗa, kuma ko sau ɗaya ban yi tunanin mutanen da za su bi ni ba. Kunya ta rufe ni. Aikin Hama ya samu, kuma ya cancanta.

Duk da haka ita ta ɗaure mini ƙanƙara a gwiwar, ta sa ni a motarta ta ce sai asibiti. Na roƙe ta ta fara sauke ni a Katako, akwai wanda ya ce in zo. Tun daga filin har gada ƙafar a miƙe take a kujerar baya. Ban gwada lanƙwasa ta ba. Tsoro ya hana ni, don muddin ban gwada ba, ban sani ba.

Ana kiran azahar muka isa. Baba Attahiru ya gan ni ina jan ƙafa, ya karɓi jan makarin ya juya shi ya duba yagewar, bai tambaye ni aiki ba. Ya riƙe mini buta na yi alwala a tsaye, ya ba ni kafaɗarsa har ɗan masallacin da ke tsakanin rumfunan katako. Muna shiga wani bawan Allah ya ga halin da nake ciki, ya fita da sauri ya aro kujera wurin mai shayi, ya ajiye mini a ƙarshen sahu, kusa da takalma. Fara ce, ta roba. Alheri ya yi mini, amma da na gan ta sai na tuna da ta mahaifina.

"Bar ta bayanshi," in ji Baba Attahiru a hankali. "In ya bukata tana nan."

Aka tayar da sallah. Na tsaya a kan ƙafa ɗaya da rabi, gefen kujerar yana taɓa bayan cinyata. Allah ya yafe mini, ban san abin da na karanta ba. Aka yi ruku'u, aka ɗago. Liman ya yi kabbara, sahu gaba ɗaya ya tafi ƙasa, ni kaɗai na rage a tsaye. Na dafa cinyoyina, na fara sauka. Zafin ya taso kamar ana zare mini wayar da ke ciki. Na kai inda nake jin nan za ta tsaya, na cije leɓe na ƙara kaɗan. Ta ba ni. Na ƙara, ta sake ba ni. Dama ta taɓa tabarma, sannan hagu, sannan goshina.

Na yi kuka a wannan sujadar, kuka sosai, har na kusa rasa ɗagowar liman. Ban samu aiki ba, na yi wa mahaifina ƙarya, na ci mutuncin kaina a ƙasar mutane, amma goshina yana ƙasa.

Da aka sallame na zauna ina share fuska. Madam Ramatu tana can bakin hanya tana danna mini oda, asibiti na jira. Baba Attahiru ya gama addu'arsa, ya shafa, ya miƙe. Ya ɗauki farar kujerar da hannu ɗaya, ya fita ya mayar wa mai shayi.